Iwo Jima da 'Yan Mazan Jiyanmu na Bama

A safiyar Litinin 19 ga Fabrairun 1945, lokacin da ake ƙarasa cinikin kaka a Gusau, ana loda buhunan gyaɗa da dilolin auduga a taragon jirgin ƙasa, sojojin Amurka suka fara sauka a gaɓar wani ɗan tsibiri a tekun Fasifik mai suna Iwo Jima. Manyansu sun ɗauka aikin 'yan kwanaki ne. Sai da aka kwashe kwana 36 ana ba ta kashi. Ko da ƙura ta lafa, Amurkawa wajen 6,800 sun kwanta dama, kusan 19,000 sun jikkata, sojojin Japan kuwa da suka kai 21,000, ɗari biyu da 'yan kai ne kawai aka kama da rai a lokacin faɗan. Duk wannan a kan ƙasar da faɗinta bai wuce murabba'in kilomita 21 ba, wadda ba ta da kogi, sai baƙar toka da warin farar wuta.

A cikin waɗannan makonni dai, can yamma da nisa, 'ya'yan Najeriya suna cikin surƙuƙin dajin Arakan a ƙasar Bama, wadda yau ake kira Myanmar, suna fafatawa da sojojin Japan ɗin nan. A garuruwanmu tsofaffi sun fi cewa "yaƙin Hitila", har yaro ya tashi yana zaton da Jamus kaɗai aka yi. Alhali mafi yawan sojojinmu da suka ji ƙarar harsashi a rabin yaƙin na biyu, ba Bajamushe ne ya harbe su ba, mutumin Japan ne. Iwo Jima da Arakan fage biyu ne na dambe ɗaya, kuma wanda ya fahimci na farko zai fi gane abin da kakanninsa suka je yi a na biyu.

Tushen rigimar shi ne Japan ƙasa ce ta tsibirai mai masana'antu amma ba ta da man fetur, ba ta da roba, ba ta da isasshen ƙarfe. Tun 1937 take yaƙi a ƙasar Sin. Da Amurka ta toshe mata hanyar sayen mai a 1941, sai janar-janar ɗinta suka yanke shawarar ƙwace arzikin da Turawa ke riƙe da shi a kudancin Asiya. Ranar 7 ga Disamban 1941 suka auka wa jiragen ruwan Amurka a Pearl Harbor, a tsibiran Hawai. Cikin 'yan watanni Malaya ta faɗi, Singafo ta miƙa wuya ranar 15 ga Fabrairun 1942, tsibiran Indunusiya da Filifin suka bi, a watan Maris kuma aka kori Ingilishi daga Rangun, babban birnin Bama.

Talakan Arewa bai san inda Malaya take ba, amma ya ji faɗuwarta a jikinsa. Daga can Ingila ke samun kuza, daga wancan yankin kuma ake samun man ja da man kwakwa. Da hanya ta toshe, ido ya dawo kanmu. Tsakanin 1942 da 1944 gwamnatin mulkin mallaka ta kwashi mutum wajen 100,000 daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza a tudun Jos bisa tilas, abin da jama'a suka riƙa kira diban gwamna, kuma sanyi da yunwa da cuta sun kashe da yawa. Aka matsa wa manoma su ƙara gyaɗa. Layin dogon da ya biyo ta Funtuwa da Tsafe da Gusau har ya tsaya Ƙauran Namoda a 1929, shi ne bututun da ake zuƙe wannan amfanin gona zuwa Ikko, kuma ta nan matasan da aka ɗauka soja daga wannan gefe na Lardin Sakkwato suke bi zuwa Zariya da Kaduna. A lokacin Sarkin Katsinan Gusau da 'Yandoton Tsafe da Sarkin Fulanin Bunguɗu hakimai ne a ƙarƙashin En'e ta Sakkwato, kuma buƙatar gwamnati, ta mutum ce ko ta gyaɗa, haka take gangarowa: daga Razdan zuwa fada, daga fada zuwa hakimi, daga hakimi zuwa dagaci da mai unguwa. Wasu sun shiga soja don sule ɗaya a rana da kaki, wasu don gudun haraji ko wata fitina ta gida, wasu kuwa nuna su aka yi da yatsa. Ko filin jirgin saman Kano ya shiga lissafi, don ta nan da Maiduguri jiragen Ingila da na Amurka ke ya da zango a hanyarsu ta zuwa Masar da Indiya.

Amurka ta farfaɗo a yaƙin Midway a watan Yunin 1942, inda ta nutsar da manyan jiragen ruwan Japan huɗu masu dakon jiragen sama. Daga nan ta kama dabarar tsallake-tsallake: a ƙwace tsibirin da ke da filin jirgi, a bar wanda ba shi da amfani yunwa ta ci shi, a matsa gaba. Haka aka yi Guadalcanal, aka yi Tarawa, har aka kai Saipan da Tinian da Guam a tsakiyar 1944. Daga waɗannan tsibirai uku manyan jiragen Amurka samfurin B-29 ke iya tashi su jefa bom a Tokyo su dawo, tafiyar kusan kilomita 2,400 zuwa kawai. Iwo Jima tana tsakiyar wannan hanya, kimanin kilomita 1,200 kudu da Tokyo. Tana da filayen jirgi biyu, ana gina na uku. Tana hango jiragen Amurka ta sanar da gida. Amurka kuwa tana son wurin da jirgin da aka harba zai sauka kafin ya faɗa teku, da inda ƙananan jiragen rakiya za su riƙa tashi.

Mutumin da Japan ta ɗora wa tsaron tsibirin, Laftanar Janar Tadamichi Kuribayashi, ya isa can a watan Yunin 1944, kuma ya san ba zai dawo ba. Ya zauna a Amurka a ƙarshen shekarun 1920, ya ga masana'antunta da idonsa, bai yaudari kansa cewa za a iya cin ta ba. Abin da ya sa a gaba shi ne ya sayar da kowane taku da tsada, ko Amurkawa su tsorata da shiga Japan kanta. Ya sa aka kwashe farar hula kusan 1,000 da ke zaune a wurin. Ya watsar da al'adar tare abokin gaba a bakin ruwa. Ya hana harin ƙundumbalar nan da sojojin Japan suka saba, inda za su fito fili da ihu da takubba a kakkaɓe su cikin awa guda. Maimakon haka ya mai da rundunarsa maginan rami. Suka haƙa hanyoyin ƙarƙashin ƙasa na wajen kilomita 18, da ɗakunan kwana, da asibiti, da rumbunan harsashi, suka ɓoye igwa a bayan ƙofofin ƙarfe. Ƙasar tsibirin ta dutse mai aman wuta ce, zafi da hayaƙin farar wuta ba su barin mai haƙa ya wuce 'yan mintoci sai an canje shi. Ruwan sha kuwa sai abin da aka tara na sama.

Jiragen Amurka sun yi fiye da wata biyu suna ruwan bom. Kwamandojin sojojin da za su sauka, waɗanda ake kira Marin, sun nemi jiragen ruwa su yi kwana goma suna luguden igwa, aka ba su uku. Ko an ba su goman, da wuya ya canja lissafi sosai, don wanda ake nema yana can ƙasa. Da misalin ƙarfe tara na safe rukunin farko ya taka gaɓa, aka ji tsit. Toka ce mai laushi, ƙafa na nutsewa, mota na kafewa, ba a iya haƙa ramin ɓuya don yana ruftawa. Kuribayashi ya bari sai da bakin ruwa ya cika maƙil da mutane da kaya, sannan ya ba da umarni. A kudancin tsibirin akwai dutsen Suribachi mai tsayin mita 169. Duk wanda ya taɓa hawa dutsen Kwatarkwashi ya ga yadda na sama ke ƙirga motocin da ke bin titin Gusau zuwa Tsafe ɗaya bayan ɗaya, to ya san halin da na ƙasa suka shiga a ranar. Duk da haka mutum 30,000 suka sauka kafin dare, fiye da 500 daga cikinsu ba su ga wayewar gari ba.

Ranar Juma'a 23 ga Fabrairu aka hau Suribachi aka kafa tuta. Aka ga ta yi ƙanƙanta, aka aika da babba, kuma lokacin da mutum shida ke ɗaga ta biyun ne Joe Rosenthal na kamfanin dillancin labarai na Associated Press ya danna kyamara. Hoton ya zagaye jaridun Amurka cikin kwana biyu, ya ci lambar Pulitzer, gwamnati ta yi amfani da shi wajen tara rancen yaƙi na dala biliyan 26, a 1954 kuma aka ƙera shi da tagulla a Arlington, kusa da birnin Washington. Mai kallon hoton zai ce an gama. Ina! Kwana na biyar ke nan cikin 36, kuma uku daga cikin mutum shidan nan a tsibirin suka mutu. Ainihin wahalar tana arewa, cikin kwazazzabai da koguna, inda sai a wuni ana kashe mutane a kan tazarar da ba ta fi ta jifa ba. Ramin da aka share da safe, da dare wasu sun biyo ta ƙasa sun cika shi. Da bindigar feshin wuta da nakiya aka riƙa bin koguna ɗaya bayan ɗaya, wasu a ƙone su, wasu a toshe bakin kogon da su a ciki. Kafin asubar 26 ga Maris, ragowar mutum wajen 300 suka fito suka auka wa tantunan matuƙa jirgi, aka gama da su. Ba a taɓa samun gawar Kuribayashi ba. Wasu sojojinsa biyu sun ci gaba da ɓuya a koguna har Janairun 1949.

Ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu? Rundunar Amurka ta ce jiragen B-29 sun sauka a tsibirin fiye da sau 2,200 kafin a gama yaƙi, na farko tun ranar 4 ga Maris ana tsakiyar faɗa, don haka an ceci dubban rayuka. Wasu masana tarihinsu sun bi takardun suka ce mafi yawan saukar ta shan mai ce ko ta atisaye, jirage da dama da sun kai gida lafiya. Jiragen rakiyar ma ba a yi amfani da su yadda aka tsara ba, don tun a watan Maris aka koma jefa bom da dare, kamar daren 9 ga wata da aka ƙone Tokyo, mutum kusan 100,000 suka hallaka. A ganina masu sukar sun fi kusa da gaskiya. Amma abin da Kuribayashi ya nema ya samu rabinsa, rabin da bai so ba. Ya tsorata Amurka da gaske. Da aka ƙara da Okinawa, daga 1 ga Afrilu zuwa ƙarshen Yuni, inda Amurkawa sama da 12,000 suka mutu, farar hula kuma suka ƙare da dubun dubata, masu mulki a Washington suka lissafa abin da shiga Japan zai ci, kuma wannan lissafi na cikin hujjojin da aka kafa wajen jefa bom ɗin nukiliya a Hiroshima ranar 6 ga Agusta da Nagasaki ranar 9.

Akwai waɗanda ba su cikin hoton Rosenthal: ɗaruruwan baƙaƙen fatar Amurka da suka sauka a Iwo Jima. A lokacin ba a haɗa su rukuni ɗaya da farare, aikinsu sauke harsasai da ɗaukar kaya a gaɓar da ake yi wa ruwan wuta, kuma a harin ƙarshe na 26 ga Maris sun ɗauki bindiga sun tare. Wannan labari bai kamata ya zama baƙo a kunnenmu ba.

A 1943 Ingila ta haɗa sojojin Afirka ta Yamma, daga Najeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya, ta kafa manyan runduna biyu, ta 81 da ta 82. Kafin nan sojojin Najeriya sun riga sun yi suna a gabashin Afirka, inda suka shiga Mogadishu a Fabrairun 1941 suka bi Italiyawa har cikin Habasha. Alamar Runduna ta 81 gizo-gizo ce baƙa. Alamar ta 82 kuwa mashi biyu ne a gicciye a kan gammo, gammon ɗan dako, kuma ba don ado aka zaɓe shi ba. A kowace runduna akwai dubban mutanen da aikinsu ɗaukar kaya a ka: harsashi, rediyo, abinci, har igwar da aka wargaza gunduwa-gunduwa. Su ne suka sa rundunonin ke shiga inda mota ba ta zuwa, inda alfadari ma ke turjewa. Hausa ita ce harshen bariki tun zamanin Gwamna Lugga, kuma duk da an fara cusa Turanci a lokacin yaƙin, da ita kofur da saje ke tafiyar da mutanensu. Kusan 90,000 ne 'yan Afirka ta Yamma da aka kai Indiya da Bama, kimanin rabinsu 'yan Najeriya.

Dalilin da aka ba da na zaɓensu abin dariya ne in ba don rayuka ba: wai baƙin mutum ɗan daji ne, ya saba da kurmi. Mutumin Tsafe ya san dajin kuka da kaɗanya da ƙirya, inda ake hango mahayi tun daga nesa. Aka jefa shi cikin duhuwar gora da tsaunuka masu santsi, inda ruwan shekara ya ninka na Gusau wajen sau biyar, ga matsattsaku, ga zazzaɓi, ga atuni. A nan ya koya, kamar yadda Baturen da ke ba shi umarni ya koya.

Runduna ta 81, ƙarƙashin Manjo Janar Woolner, ta shiga kwarin kogin Kaladan a farkon 1944. Sai da suka sare hanyar mota ta fiye da kilomita 100 da adda da diga a cikin tsaunuka, kuma su ne babbar runduna ta farko da ta rayu kacokan a kan abincin da jirgin sama ke jefowa da laima. Japanawa sun mai da su baya a watan Maris, suka sake dawowa bayan damina. Birged ta 3 ta wannan runduna, wadda bataliyoyin Najeriya uku ne, ta 6 da ta 7 da ta 12, an ware ta aka ba Janar Orde Wingate cikin dakarun da ake kira Chindit, waɗanda aka sauke a bayan layin abokan gaba da taimakon matuƙa jirgin Amurka. Suna cikin waɗanda suka riƙe sansanin da ake kira White City a watan Afrilun 1944, Japanawa na kawo hari dare bayan dare. Runduna ta 82 ta shigo fage a ƙarshen shekarar, ta kama Buthidaung a Disamba, sannan rundunonin biyu suka haɗu suka ƙwace Myohaung, tsohon birnin sarakunan Arakan, a ƙarshen Janairun 1945.

Nan ne zaren ya haɗu da Iwo Jima. A gaɓar Arakan akwai tsibirai biyu, Akyab da Ramree. Ingila na son su saboda dalilin da ya kai Amurka Iwo Jima, wato filin jirgi, don a riƙa ciyar da rundunar Janar William Slim da ke gangarawa Mandalay da Rangun. An shiga Akyab a farkon Janairu ba faɗa. Ramree kuwa sojojin Indiya da na Ingila sun yi wata guda a kanta, daga 21 ga Janairu zuwa 22 ga Fabrairu, kwana ɗaya kafin a kafa tuta a Suribachi. Aikin Runduna ta 82, wadda Manjo Janar Hugh Stockwell ya karɓa a watan Janairun, shi ne ta bi ta tudu ta matsa wa Japanawan da ke Arakan, ta hana su tsallaka tsaunuka su kai wa 'yan uwansu gudummawa. A makonnin da ake ƙona koguna a Iwo Jima, mutanenmu na ratsa Dalet da Tamandu da Letmauk da hanyar An, a wani wurin an yi musu ƙawanya sai da aka kai ɗauki. Rundunar ta yi asarar sama da mutum 2,000 tsakanin matattu da masu rauni da waɗanda suka ɓace. Ranar 3 ga Mayu aka karɓe Rangun, ranar 15 ga Agusta Japan ta sallama.

Wanda ya zauna Kaduna ya san barikin Dalet da na Kalapanzin. A Zariya akwai barikin Chindit, a Ibadan Letmauk, a Ikko akwai Arakan da Tamandu da An da Myohaung da Dodan, inda shugabannin soja suka yi mulkin ƙasar nan shekara da shekaru. Duka daga yaƙin Bama sunayen suka fito. Muna faɗarsu kullum, muna kwatancen gida da su, ba mu tambayar ina ne. Barikin Lakwaja kuwa sunan mutum yake ɗauke da shi, Chari Maigumeri, babban saje-manjan da ya yi gabashin Afirka ya yi Bama. Irinsa nan ne iyakar hawansu, don hafsa sai Bature; Seth Anthony na Gwalkwas, wanda ya kai manjo, shi ake nunawa a matsayin wanda ya fasa wannan shinge.

Gida bai manta da su ba a lokacin. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, tana kawo labarin fagen fama. Sarkin Katsina Usman Nagogo, da ya hau gado a 1944, ya yi tattaki har can ya dubo su. Da suka dawo, yawancinsu a 1946 saboda ƙarancin jiragen ruwa, Sa'adu Zungur ya yi musu waƙar Maraba da Soja. Amma kuɗin sallamar bai kama ƙafar na Bature ba, aikin da aka yi musu alkawari kaɗan ne suka samu. Wasu sun zama 'yan doka da masinjoji da direbobi da masu gadin kantunan Turawa, wasu sun shiga siyasar neman 'yanci da idon da ya riga ya ga Bature na gudu yana kuka, mafi yawa sun koma gona. A can kuwa, Amurka ta mayar wa Japan Iwo Jima a 1968, tsofaffin sojojin ɓangarorin biyu sun riƙa haɗuwa a can suna juyayi tare, a 2006 kuma Clint Eastwood ya yi fim biyu a kan yaƙin, ɗaya ta idon Amurkawa ɗaya ta idon Japanawa. Har a 2016 da 2019 rundunar Marin na gyara sunayen mutum shidan da ke cikin hoto. Dubi irin wannan bin diddigi a kan mutum shida.

Namu ma ba su ɓace gaba ɗaya ba. A maƙabartar Taukkyan, arewa da Rangun, akwai ginshiƙai ɗauke da sunaye kusan 27,000 na waɗanda suka mutu a Bama ba a san kabarinsu ba, cikinsu har da 'yan Najeriya, kuma hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel ta sa jerin sunayen a intanet, kowa na iya dubawa kyauta. Akawun soja na wancan zamani yakan rubuta sunan mutum ya haɗa da na garinsu a madadin sunan uba, saboda haka gidan da ke da kakan da ya tafi Bama bai dawo ba, sai ya nema da sunan gari: Gusau, Bungudu, Kaura, Sokoto. Mutanen Tsafe su gwada da Chafe, don haka Turawa ke rubuta shi. Wanda kakansa ya dawo kuwa, ya bincika tsohuwar adaka, ko takardar sallama na nan. A jikinta akwai lambar soja da sunan bataliya, kuma da bataliyar ake gane ko Kaladan ya yi, ko White City, ko hanyar An.